An ɗora mini tsaron kamarar hoton walda, ina zan samu horon da ya dace?

Ɗan Rigasa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan, don abin ya fara hana ni barci.

Shekarata tara ina aiki da wani kamfanin da ke duba walda a jikin bututun mai da gas. Ni ba injiniya ba ne, sito nake riƙe, daga baya aka haɗa mini da masu gadi da direbobi. Ga wanda bai san aikin ba: in an haɗa bututu biyu da walda, sai an ɗauki hoton cikin waldar kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, a ga ko da tsaga ko rami. Mu ba da lantarki muke ɗauka ba, da wani ɗan ƙarfe ne na iridiyom 192 wanda a wurin aiki muke ce wa sos. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Yana zaune ne cikin wata tukunya mai mariƙi da muke kira kamara, nauyinta ya haura kilo 20, kuma kusan duk nauyin nan garkuwa ce da ke tare tiririnsa mai cutarwa da ido ba ya gani. Duk kwana 74 ƙarfinsa ke raguwa rabi, shi ya sa ba ya daɗewa a hannunmu ake sauya sabo.

Watan jiya muna dawowa daga fili mu uku, ni da direba da mai ɗaukar hoton, muka tsaya azahar a wani gari na bakin titi. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ya zauna a mota. To amma an ta da iƙama, kowa ya ce ai minti biyar ne. Ina sallamewa na fito, sai ga yara biyu 'yan gwangwan da baronsu a bayan motar, ɗaya ya ɗage tamfal yana manna maganaɗisu a jikin akwatin. Kwaɗon kuwa a rataye yake ba a datse ba, ashe direba a nan yake ajiye jak, ya ɗauka da safe bai kulle ba. Na daka musu tsawa. Yaron ko gezau, ya ce, "Oga, in kwandam ne a auna mana. Dalma ce ko tagulla?" Na nuna masa alamar nan mai ruwan ɗorawa da ke jikin akwatin na ce bai ga wannan ba? Ya ce ya gani, ai fanka ce aka zana.

Har muka iso gida gwiwata ba ta daina rawa ba.

Na kai rahoto. Sakayyar da na samu ita ce takarda daga manaja: daga yau ni ne mai kula da tsaron sos, kuma in rubuto tsarin tsaro kafin lokacin sabunta lasisinmu a NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya. Ni kuwa horon da na taɓa samu na kwana uku ne: kada ka daɗe kusa da shi, ka ja nesa, ka sa garkuwa tsakaninku, ka rataya bajinka mai auna tiririn da ya shige ka. Ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da za ka yi in wani ya zo da niyyar ɗauke shi.

Tambayata biyu ce. Ina mai difloma irina zai samu horo na gaske kan wannan? Wani abokin aiki ya ambata mini wata cibiyar tsaron nukiliya mai suna WINS, ya ce ana karatu ta intanet a ba ka takardar shaida, ban sani ba ko ya cancanci in zuba kuɗina. Na biyu, masu gadina shida ne, biyu kaɗai ke karanta boko. Ta ina zan fara da su?

Malamar Fizis

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya tsare gaba. Kuma ka kyauta da ka kai rahoto, don da yawa binnewa za su yi.

Horon kwana ukun da ka yi da wanda kake nema yanzu uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma kowa da halinsa. Wancan ya koya maka yadda za ka kare mutane daga sos. Wannan kuwa yadda za ka kare sos daga mutane ne. Wani lokaci har karo suke yi: mai kula da lafiya so yake kowa ya san abin da ke cikin motar ya ja baya, mai tsaro kuma ba ya so a san ranar da motar za ta tashi ko hanyar da za ta bi.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta kasa irin waɗannan sinadarai gida biyar bisa haɗarinsu. Kobalt 60 na injin gashin cutar daji a asibiti yana rukuni na ɗaya. Kamararku tana na biyu. Ma'anarsa, in sos ya fito daga garkuwa, mintoci zuwa sa'o'i a jikin mutum sun isa su nakasa shi har abada, in kuma ya kwana ya wuni kusa da shi yana iya rasa ransa. A 1999 a Yanango ta ƙasar Peru wani mai walda ya tsinci irinsa a ƙasa ya jefa aljihun baya na wandonsa, ya ci gaba da aikinsa. Ƙarshenta yanke masa ƙafa aka yi. A 2000 a ƙauyen Mit Halfa na Masar manomi ya tsinta ya kai gida yana zaton abin daraja ne, shi da ƙaramin ɗansa suka rasu. Dukansu iridiyom ne na hoton walda, irin wanda yaron nan ya so a auna masa.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka sauke littafi na 11 a jerin littattafan tsaron nukiliya na IAEA, kyauta ne. Shi ne na irin kayanku, na 9 kuma na jigila. Gundarinsa abu uku ne: ka gano ɓarawo da wuri, ka ɓata masa lokaci, a kawo ɗauki kafin ya gama. Lissafi ne tsagwaronsa. In za a iya yanke kwaɗonka a minti biyu, 'yan sanda kuma sai sun yi minti arba'in kafin su iso, to kwaɗon nan ado ne. Ga rukuninku ana son shinge biyu tsakanin sos da hannun baƙo, a riƙa tabbatar da yana nan aƙalla sati-sati, a fili kuma kada ido ya bar kansa. Ka gina tsarin da manaja ke nema a kan wannan, sannan ka tuntuɓi NNRA kai tsaye. Tun 2001 suke aiki a ƙarƙashin dokar 1995, su ke ba da lasisi, kuma dokokinsu ne za a auna ka da su, ba na wani ba.

Batun karatu: IAEA na da darussan tsaro ta intanet, rajista kawai za ka yi, ba a biya. WINS kuma ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a Viyana a 2008, aikinta tattara dabarun da suka yi amfani a wani wuri ta yaɗa su ga masu aiki. A 2014 ta buɗe sashen karatunta. Za ka yi darasin tushe, ka zaɓi fanni ɗaya, akwai na tsaron sos, akwai na jigila, sannan ka zauna jarrabawa ƙarƙashin sa ido. Ba sai mai digirin fizis ba. Na yi, kuma ya amfane ni, sai dai Turancin ba na wasa ba ne. Sukan ba da tallafi ga 'yan ƙasashe irin namu, ka nema kafin ka taɓa aljihunka. In ba ka samu ba, kamfanin da ya ba ka takardar naɗi shi ya kamata ya biya.

Akwai makarantar sati biyu da IAEA ke yi a Tiriyeste ta Italiya tun 2011, da sabuwar cibiyar horo da ta buɗe kusa da Viyana a 2023, ga kuma makarantar gaba da digiri ta Kwabenya a Ghana. Amma yawancin kwasa-kwasan IAEA sai hukumar ƙasarka ta miƙa sunanka, don haka kada ka zauna jiran su.

Tsohon Saje

Ɗana, Malama ta faɗi na littafi, bari in faɗa maka na bakin ƙofa.

Bayan na ajiye kaki na yi shekara bakwai ina shugabancin masu gadi a wani asibiti mai irin injin da ta ambata. An sa ƙararrawa, an sa kamarori, Turawa suka zo suka gwada suka tafi. Ƙararrawar nan iska ta kaɗa ƙofa ta yi kuka, mage ta wuce ta yi kuka. Cikin wata uku yarana sun gano inda ake kashe ta. Ranar da na kama su, wanda ya kashe ya ce, "Saje, marasa lafiya ba sa barci." Gaskiya ya faɗa. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke bayan ƙofar nan, shi a saninsa ɗakin injin ne mai tsada.

A shekarun nan bakwai an yi bita ba iyaka, Abuja, Legas, har waje. Wa ke tafiya? Masu kwat. Su dawo da jaka da satifiket a rataye a ofis. Mai riƙe da makulli da ƙarfe biyun dare ba a taɓa kiran sa ba. Sau ɗaya tak na je, shi ma don oga ya yi tafiya ne aka rasa wanda zai cike gurbi.

Amma a bitar nan na ji labarin da ban manta ba. A Yulin 2012 mutum uku suka yanke shingaye suka shiga Y-12 a Amurka, inda suke ajiye yuraniyom na haɗa bam, har suka isa jikin ginin suka yi masa fenti. Cikinsu da wata 'yar coci mai shekara 82, Megan Rice, wadda ta daɗe tana koyarwa a Najeriya da Ghana. Zanga-zanga suka je yi, ba sata ba. Da aka bincika, wasu kamarorin sun yi watanni a lalace, masu gadi kuma sun saba da kukan ƙararrawa har ba ya ɗaga musu hankali. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Kada ka tara yaranka ka yi musu lacca. Ka yi musu atisaye. Ka turo wanda ba su sani ba, sanye da riga mai kyau da fayil a hannu, ya ce daga hedikwata yake a buɗe masa. Ka laɓe ka gani. Wanda ya hana shi shiga, ka yaba masa a gaban kowa, ko da manajan ne da kansa aka tsare. In mai gadi ya san za a ci mutuncinsa don ya tambayi babba katin shaida, ba zai sake tambaya ba.

Na Arlit

Sannunku da aiki. Ni a nan Nijar na yi shekaru a harkar kamiyon da ke ɗaukar gangunan garin yuraniyom zuwa Kwatano, tafiyar wajen kilomita 2000, lokacin da iyakar Benin ke buɗe. Abin da ya ba ni mamaki a labarinka: garin da muke ɗauka tiririnsa bai kama ƙafar sos ɗinka ba, amma mu ayari muke tafiya da rakiyar sojoji, an san inda za a tsaya, an san inda za a kwana. Kai kuma ku uku a mota ɗaya.

Bayan harin 23 ga Mayun 2013, da aka tayar da mota mai bam a ma'adinin Arlit da barikin soja na Agadas rana ɗaya, komai ya ƙara tsauri. Abin da zan ba ka daga can shi ne wurin tsayawa. Kada direba ya zaɓa a hanya. A zaɓa tun daga gida, a rubuta. Salla kuma bi da bi, mai jiran mota ya yi tasa in an fito, lokaci bai fita ba.

Maganar 'yan gwangwan ma mun san ta. A 2003 wasu masu bincike daga Faransa sun auna ƙarafa a kasuwar Arlit suka samu gurɓatattu da suka fito daga ma'adinai, mutane na saye suna aikin gida da su.

Alhaji Mai Sikeli

Ni dai jari-bola ce sana'ata, shekara ashirin da wani abu. Yaran da kuke magana irin yarana ne. Ba ɓarayi ba ne, nauyi suke bi. Abu ƙarami mai nauyin tsiya a wurinmu dalma ce ko tagulla, kuɗi ke nan, kuma abin da za mu fara yi shi ne mu sa guduma da kurfi mu fasa mu ga cikinsa. Wallahi da abin nan ya zo sikelina kafin yau da na saya. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwarmu ya nuna mana hotonsa. Kuna ta horar da junanku, mu da abin zai ƙare a hannunmu fa?

Malamar Fizis

Alhaji, abin da ka faɗa shi ya faru a Goyaniya ta Brazil a Satumban 1987. Mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka tashi aka bari, suka kwance kan injin gashi, suka fasa, suka sayar wa mai jari-bola. A ciki akwai garin siziyom 137 mai shuɗin haske cikin duhu, ya burge shi, ya rarraba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, har da matarsa da 'yar ɗan'uwansa mai shekara shida. Sai da aka auna mutum wajen 112,000. A Tailan a 2000 da Indiya a 2010 ma ta wurin masu tsohon ƙarfe abin ya ɓullo. Yaron da ya ce fanka kuma ba shi kaɗai ba ne, don rashin gane alamar ne ya sa a 2007 aka fito da wata ta ƙari: ja ce mai kusurwa uku, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa da mutum yana gudu.

Baba Saje, na yarda da kai kan masu kwat, na ga irinsu. Amma ban yarda karatun ba shi da amfani ba. Ai labarin Y-12 ɗin ma a aji ka ji shi. Kuma akwai abin da atisaye a bakin ƙofa ba ya kamawa, wato ɗan cikin gida, da ɗan gari akan ci gari. A Agustan 2014 wani ya buɗe famfon man injin a tashar nukiliya ta Doel a Beljiyam, man ya tsiyaye, injin ya lalace, tashar ta yi watanni a tsaye, kuma masu bincike sun ce daga ciki ne. Mu ma a ƙarshen 2002 an sace sos biyu na auna rijiyar mai a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus cikin tarkacen ƙarafa. Shi ya sa ake koyar da dokar mutum biyu: makulli biyu a hannu biyu, ba mai buɗewa shi kaɗai ko da shi ne mai kamfanin. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ma ga mai gaskiya ranar da abu ya ɓata.

Horo mai kyau kuma mun ga amfaninsa a gida. Ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, da yuraniyom mai tsananin tacewa take aiki, kusan kilo ɗaya. A 2018 aka sauya mata da wanda ba ya bam, aka mayar da tsohon Sin lafiya. Ghana ta yi nata a 2017, kuma a can ma'aikatanmu suka yi gwajin aikin kafin su taɓa na gaske.

Ɗan Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina son in dawo da abin da na yi, ba da godiya kawai ba.

Jak ya bar akwatin. Akwatin yanzu a ɗaure yake da jikin mota, kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurina ɗaya wurin mai ɗaukar hoto. Direban ya yi fushi kwana biyu, wai an mai da shi ɓarawo bayan shekara goma sha ɗaya. Na zaunar da shi na ce, Malam, ni ma ba zan iya buɗewa ni kaɗai ba, ka ga ni ma ɓarawon ne? Ya yi dariya, aka wuce wurin. Wurin tsayawa ma mun rubuta kamar yadda ɗan'uwa na Arlit ya ce.

Baba Saje, na gwada atisayenka ranar Talata. Na aro ƙanin matata, malamin firamare ne, na sa masa hular kwano da rigar aiki, na ba shi fayil. Mai gadin rana, wanda ya yi sakandare, har da rusunawa ya raka shi bakin ramin da muke ajiye sos. Da dare na sake turo shi. Dattijon da ke gadin dare, wanda ko sunansa ba ya rubutawa da boko, ya ce masa, "Ɗan nan, ko gwamna ne kai sai na ji muryar mai sito." Ya zaunar da shi a benci ya buga mini waya. Da safe na yaba masa a gaban kowa, na kuma ba su labarin mutumin Peru da manomin Masar da Hausa. Ba wanda ya yi tari har na gama. Ɗaya ya ce shekararsa huɗu yana shimfiɗa tabarma a jikin bangon ramin nan, shi a zatonsa kayan awo ne kawai a ciki. Mun auna wurin da mita, ba matsala, amma ya matsar da tabarmar.

Malama, na fara darussan IAEA, na gama biyu. Na tura wa manaja takardar neman kuɗin WINS, ya ce in bari sai sabuwar shekara, don haka na cike neman tallafin. Abin da ya rage mini shi ne kai ɗauki. Ofishin 'yan sandan da ya fi kusa da mu bai san abin da muke ajiyewa ba, kuma ban san iya abin da ya kamata in gaya musu ba. Zan tambayi NNRA kafin in je.

Alhaji, maganarka ta tsaya mini a rai. In shugabannin kasuwarku za su yarda, zan zo da kaina in nuna wa yara yadda abin yake da alamomin nan biyu, da lambar da za su kira in sun gani.

Alhaji Mai Sikeli

Na yi wa shugabanmu magana, ya ce bismillah. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin yara duk sun dawo da baro. Hoton za ka zo da shi fa, ita kamarar ka bar ta inda take.